Baiti Biyar da Bokiti Biyu

Wata bakwai cur na yi ina zaune da warin baba a gidana. Wanda bai taɓa shaƙar warin tukunyar rini ba ya gode wa Allah kawai. Gidan namu ɗaki biyu ne da falo a hawa na goma sha ɗaya a unguwar Taman Melati da ke Kuala Lumpur, barandar da ya kamata in riƙa shanya a kanta kuwa maigidana ya jera mata bokitai ya mayar da ita marina. Wata rana maƙwabciyarmu 'yar China ta ƙwanƙwasa ƙofa, hannunta a kan hanci, tana tambaya ko wani abu ne ya mutu mana. Na ce mata a'a, digiri na uku ne ake dafawa.

Sunansa Haliru Badamasi, ni dai Abban Khaulah nake ce masa. Mutumin Kura ne, gidansu marina ne kaka da kakanni. Abin da ya kawo shi Malesiya kuwa na gaji da yi wa dangi bayani. Da na ce ilimin Indiya yake karantawa sai a kwashe da dariya, a ce to yaushe zai fito a fim. Iya, kakata, har gobe tana zaton rawa yake koyo. Alhali Sanskrit yake karantawa, tsohon harshen da malaman Indiya suka rubuta iliminsu da shi, kuma shekara huɗu ke nan yana kan wani ɗan littafi guda da aka rubuta a jikin ganyen giginya, baiti casa'in, duk a kan yadda ake haɗa tukunyar rini.

Shekara talatin da suka wuce wani babban malami daga Chennai, Farfesa Natarajan, ya gyara littafin ya buga shi. Da ya zo kan wasu baitoci biyar sai ya cire su, ya ce ba na ainihin mawallafin ba ne, wani mai kwafa ne ya cusa su daga baya. Dalilinsa shi ne abin da suke faɗa ba ya kama da sana'a. Sun ce a kwashe laka daga gindin tukunyar da ta mutu, a cura ta, a shanya, a ƙona, a daka, a zuba a sabuwa. Farfesa ya ce wannan camfi ne, babu mai hankalin da zai zuba datti a cikin rini, kowa kuma ya bi shi a haka. Ranar da Abban Khaulah ya fara karanta baitocin a hoton ainihin rubutun, ina kicin na ji ya kwaɗa mini kira kamar gobara ta tashi.

“Bilqis! Katsi ne! Wallahi katsi ne!”

Katsi dai shi ne wannan ƙonanniyar lakar, a Kura ba a haɗa rini ba tare da shi ba. A kan haka ya gina babi na uku na kundinsa, kuma babin nan shi ne ran aikin, sauran duk rakiya suka yi masa.

Malamar da ke duba aikinsa, Dakta Vasanthi, mace ce mai kirki amma ba ta da kwana-kwana. Ta ce masa jami'a ta riga ta zaɓi Farfesa Natarajan ya zama mai jarraba shi daga waje, kuma zai zo babban taron masana ilimin Indiya da za a yi a nan Kuala Lumpur a watan Satumba. Ta sa sunan Haliru cikin masu gabatar da takarda. Ta ce in ya gamsar da dattijon a wurin taron, babin ya zauna. In bai gamsar da shi ba za ta cire babin da hannunta, don ba za ta tura ɗalibinta ya faɗi ba. Cire shi kuwa yana nufin sabuwar shekara, ga hutun karatun da jami'arsu ta gida ta ba shi zai ƙare a Disamba. Wannan shi ya jawo mini bokitai. Ya nemo busasshen baba wurin wani mai rinin batik, ya haɗa tukunya ya yi ta rini har ta mutu, ya kwashe lakar ya cura, ya kai unguwar Kampung Baru ya roƙi wani mai gashin sate, wato tsiren ƙasar nan, ya bar shi ya ƙona ta a garwashinsa. Sannan ya haɗa sababbi biyu rana ɗaya, da baba ɗaya da toka ɗaya, ɗaya yadda littafin Farfesa ya ce, ɗaya kuma da baitoci biyar ɗin.

Ni ban taɓa shakkar aikinsa ba. Abin da nake tsoro shi ne bakinsa. Mutumin nan ko a waya yake magana da yayansa sai ya ɗan rusuna. A duk babin nan mai shafi sittin bai ambaci Farfesa da kuskure ko sau ɗaya ba, sai dai “wasu masana suna ganin”, “an taɓa fahimtar cewa”. Na ce masa, “Abban Khaulah, wasu masanan nan fa mutum ɗaya ne, kuma a gabanka zai zauna.” Ya ce, “Haba Bilqis, sa'an Baffa ne fa. Ta ina zan dubi idonsa in ce ya yi kuskure?” Na ce to ai shi ke nan, mu ci gaba da shaƙar wari har baɗi.

Minti goma sha biyar aka ba kowa. Mun yi gwaji a falo ya fi sau goma, ina riƙe da waya ina duba lokaci, kullum a sha huɗu yake gamawa har da tsoma ƙyalle. Abin da ban yi la'akari da shi ba shi ne a falonmu babu manyan da za a gaisar.

Ranar taron na kai 'yarmu Khaulah wurin Christy, maƙwabciyarmu 'yar Jos, ta dube ni da bokiti a hannu ta ce, “Maman Khaulah, wannan tapau ɗin na waye?” Tapau shi ne abincin da ake saye a ƙunshe a tafi da shi. Na ce na Farfesa ne. Direban tasin da muka tare ya buɗe mana ƙofa, ya shaƙa sau ɗaya, ya ce “Tak boleh lah,” wato ba zai yiwu ba, ya ja motarsa. Sai jirgin ƙasa na cikin gari, LRT, muka hau, kowa da bokitinsa an cika shi har baki an ɗaure murfin da roba, don in rinin ya girgiza iska ta shige shi ya lalace. Ina tsaye da leshina mafi kyau, na rungume bokitin fenti kamar jariri. Da safiyar nan jirgin a cike yake maƙil, amma mu sai ga fili an buɗe mana ta kowane ɓangare.

Zauren yana hawa na uku a wani otal, sanyin na'ura kamar cikin firij, mutum kusan tamanin. Na zauna can baya da bokitan biyu a ƙarƙashin kujera. A layin gaba na hango wani tsoho siriri da farar riga, gashinsa fari fat, yana rubutu a ɗan littafi ba ya ɗaga kai. Ba sai an gaya mini ko waye ba. Masu takarda biyu suka gabata, wani Bajamushe da wata 'yar Sri Lanka, kowannensu ya ce barka da safiya ya faɗa cikin maganarsa. Shugabar zaman, wata matashiyar dakta 'yar Malay, tana da 'yar ƙararrawa a gabanta, kuma na lura ba ta jin kunyar buga ta.

Aka kira Haliru Badamasi. Ya fito da farar shadda da hular zanna, wallahi ya yi kyau, har na ji wani daɗi ya taso mini. Ya gyara lasifika. Ya gode wa Allah. Ya gaida shugabar zama da cikakken sunanta da muƙamanta. Ya gaida Farfesa Natarajan, ya kira shi uba, ya lissafa littattafansa ɗaya bayan ɗaya har da shekarun da aka buga su. Ya gaida Dakta Vasanthi. Ya gaida shugaban sashensu, wanda ba ya ma wurin. Ya gode wa waɗanda suka shirya taro, da jami'arsa ta gida, da ma'aikatan ɗakin karatun da suka turo masa hoton rubutun. Ya nemi afuwar duk wani babba da ke zauren wanda bai san sunansa ba. Ina kallon wayata, minti uku, minti biyar. Na ɗaga wayar sama ina kaɗa masa, bai ko kalli inda nake ba. Da ya fara neman gafara tun kafin ya yi magana, wai idan yaro ya faɗi abin da bai dace ba a gaban iyayensa a yafe masa, na ji kamar in cire takalmi in jefa masa. Minti bakwai da rabi suka tafi a haka.

Sai a lokacin ya dubi agogon bango, na ga fuskarsa ta canza. Ya hau danna hotunan majigi da gudu, yana tsallake wannan yana komawa wancan. Ya faɗi tarihin littafin a birkice, ya nuna baitocin biyar, ya ce wasu masana suna ganin ƙari ne, amma mai yiwuwa, wataƙila, idan aka duba ta wata fuska. Ƙararrawa ta buga. Ya ce katsi, ya fara bayanin Kura, ƙararrawa ta sake bugawa. Ya ce ya gode, ya tsaya yana share gumi a cikin wannan sanyin. Aka yi masa irin tafin da ake yi wa mutum don tausayi. Na hango Dakta Vasanthi ta dafe goshi. Ni kuwa hawaye ne suka cika mini ido, na takaici, don na ga shekara huɗu tana zubewa a gabana saboda gaisuwa.

Shugabar zama ta ce akwai lokacin tambaya ɗaya. Tsohon ya ɗaga alƙalaminsa. Muryarsa ƙarama ce, amma zauren ya yi tsit.

Da Turanci ya yi magana, a hankali. Ya ce, “Malam Haliru, mun ji duk waɗanda kake gode wa, kuma na gode da nawa rabon. Abin da ka gano ne ban ji ba. Ka ce wasu masana. Ni dai a sanina mutum ɗaya ne ya taɓa gyara littafin nan. Waye shi, kuma me ya yi ba daidai ba?”

Abban Khaulah ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ba wai ba daidai ba ne, fahimta ce ta...”

“To in daidai ne, me ya kawo ka?”

Wasu suka yi 'yar dariya. Ni ban san lokacin da na miƙe ba. Na sunkuci bokitan nan biyu, ɗaya a kowane hannu, na bi ta tsakiyar zauren ina takawa a hankali don kada su girgiza, kowa ya juyo yana kallon matar da ta shigo da kayan fenti. Na dire su a kan teburin da ke gabansa, na ce masa da Hausa, ba kuma a hankali ba, “Abban Khaulah, in bakinka ba zai iya ba, ka bar hannunka ya yi. Wallahi ban sha warin nan wata bakwai don ka zo ka gaida mutane ba.”

Shugabar zama ta ce lokaci ya ƙare, ga kuma kafet ɗin otal kada a ɓata. Farfesa ya ɗaga mata hannu ba tare da ya kalle ta ba. Ya ce, “Mene ne a ciki?”

Haliru ya kwance robar ya ɗaga murfi. Warin ya bugi layin gaba, Bajamushen nan ya ja kujerarsa baya. Abin da ya biyo baya shi ne dalilin da ya sa na auri mutumin nan. Ya naɗe hannun shaddarsa har gwiwar hannu, kafaɗunsa suka miƙe, muryarsa ta daina rawa. Ya nuna na hagu ya ce wannan baiti tamanin da biyar ne, yadda aka buga. Ya nuna na dama ya ce wannan casa'in ne, yadda yake a ganye. Baba ɗaya, toka ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya aka haɗa su, Dakta Vasanthi shaida ce. Ta gyaɗa kai daga inda take. Na hagu ruwa ne baƙi-baƙi a kwance kamar na kwata. Na dama kuwa kumfa ce shuɗiya ta taru a kansa, fuskar ruwan tana ƙyalli kamar jan ƙarfe.

Ya ciro ƙyallayen da ya tanada, Farfesa ya ce a'a. Ya taso da kansa, ya zaro farin hankicinsa daga aljihu, ya kama shi da haƙori ya yaga biyu, ya miƙa masa.

Haliru ya jiƙa su da ruwan gorar da aka ajiye wa masu jawabi, ya matse, ya zura kowanne a bokitinsa a hankali ta gefe, yana murza su a ƙarƙashin ruwa da yatsu. Yana yi yana karanto baitocin biyar da ka, da Sanskrit, yana rera su yadda ya saba yi mini a baranda, in ya kai ƙarshen kowanne ya fassara. Na ga leɓen tsohon yana motsi yana bin sa. Da ya zo baiti na huɗu ya tsaya ya ce, “Ranka ya daɗe, a nan mawallafin ya ce tukunya ta nuna idan ruwanta yana santsi tsakanin yatsu. Toka kaɗai ba ta kai ta nan, ƙarfinta bai isa ya narkar da baba ba. Ƙonanniyar lakar ce ke ƙara mata ƙarfi. Taɓa ka ji.” Farfesa ya tsoma yatsu biyu a na hagu ya murza. Ya tsoma a na dama ya murza, ya sake murzawa, ya daɗe yana kallon yatsunsa.

Aka ciro na hagu. Ya fito da ɗan dishi-dishin toka-toka, Haliru ya zuba masa ruwan gora, launin ya bi ruwan ya koma bokiti, ya bar ƙyalle kamar tsumman goge tebur. Aka ciro na dama, ya fito kore shar. Wata mata a bayana ta ce, “Ai kore ne,” da muryar wadda ta kama ɓarawo. Haliru ya ware shi ya ɗaga sama da hannu biyu yana ɗan kaɗa shi ya sha iska. Daga gefe-gefe ya fara juyawa. Koren ya yi duhu, ya koma ruwan bula, ya ci gaba da nutsewa, mutane suka miƙe tsaye da wayoyi. Kafin minti biyu rabin hankicin nan ya zama shuɗi sosai. Ya zuba masa sauran ruwan gorar, ya matse, launin bai motsa ba.

Babu wanda ya tuna da ƙararrawa. Farfesa ya karɓi ƙyallayen biyu ya shimfiɗa su a tafin hannunsa, ruwa yana ɗiga a farar rigarsa bai kula ba. Ya tambaya ko a garinsu har yanzu ana yin haka, Haliru ya ce ana yi, jiya ma an yi. Ya tambaya me ake kiran lakar, ya sa shi ya maimaita sau biyu, ya rubuta a ɗan littafinsa da yatsun da suka riga suka yi shuɗi. Sannan ya juyo ga zauren ya ce shekara talatin yana karanta littafin marina bai taɓa tsoma hannu a tukunya ba.

Na zaci an gama, har na fara neman murfin bokiti. Sai ya sake juyawa kan Haliru.

“Amma ba ka amsa tambayata ba. Na karanta babinka na uku, Dakta Vasanthi ta turo mini. Shafi sittin kana ɓoye ni a bayan wasu masana. Ba zan sa hannu a kan kundin da ke jin kunyar abin da ya gano ba. Ga lasifika. Waye, kuma me ya yi?”

Abban Khaulah ya ɗago kai. Ya kalli Dakta Vasanthi, ya kalle ni. Ni dai na riƙe ƙugu. Ya goge hannunsa a jikin farar shaddar nan da na kwana biyu ina guga, ya kama lasifika, ya ɗan rusuna, don wannan kam ba zai iya bari ba.

“Farfesa Natarajan ne ya cire baiti biyar daga littafin nan,” ya ce. “Kuma ya yi kuskure. Baitocin na mawallafin ne, sai an mayar da su.”

“Madalla,” in ji tsohon. “Haka za ka rubuta, da sunana. Babin ya zauna.” Ya miƙa masa shuɗin hannunsa.

Zauren ya ɗauki tafi, na gaske wannan karon, har da masu buga tebur. Ni kuwa farin ciki ya cika ni har ya rasa ta inda zai fita. Na kama hancina da yatsu biyu, na ɗaga kai, na rangaɗa guɗa mai tsawo a hawa na uku na otal ɗin nan a tsakiyar Kuala Lumpur. Shugabar zama ta firgita ta saki ƙararrawarta ta faɗi ƙasa. Farfesa ya juyo yana tambayar Haliru ko lafiya, me matar take cewa.

Abban Khaulah yana dariya, hawaye na bin fuskarsa, ya ce, “Ranka ya daɗe, matata ce. Murna take yi.”

Na ja numfashi na ƙara ta biyu.